Gayyar Miss Lurleen

Aikin Scholastica a birnin Greensboro na Amurka shi ne jinyar Miss Lurleen, wata tsohuwa da ta doshi casa'in, a gidanta da ke Poplar Row. Unguwa ce ta ma'aikatan masaƙar auduga, amma an rufe masaƙar tun kafin Scholastica ta baro Zonkwa. Gidajen katakon duk fentinsu ya ɓare. Wasu babu kowa a ciki, sauran kuma 'yan haya ne da ba su san sunan juna ba.

Miss Lurleen ba ta ƙaunar kowa, rayayye ko matacce. Tana zaune a baranda za ta nuna gida da sandarta ta ce, "Matar da ta zauna can ɓarauniyar kaji ce." Abu ɗaya take so, wato hira. Idan Scholastica tana taje mata kai sai ta ce, "Ba ni labarin garinku." A haka ta ji labarin gayya: yadda gari ke taruwa a gonar mutum ɗaya yau, wani makon a ta wani, mai gona ya ciyar da kowa, makaɗi yana bin manoma da ganga. Rufin ɗaki ma haka ake yi. Tsohuwar takan saurara ta taɓe baki ta ce a nan da wani ya gudu da fartanyar.

A shekarar 2005 sai matasan ma'aurata daga unguwannin bayan gari na Summerfield da Sedgefield, waɗanda suka gaji da dogon tuƙi zuwa wurin aiki, suka fara sayen gidajen unguwar. Suka kafa kwamiti, suka ɗora wata malamar makaranta mai suna Carol Ann a kai. Burinsu su dawo da zumuncin da suka tabbata an yi a Poplar Row a da. Wata Laraba Carol Ann ta zo da rakoda don ta ji tarihi daga bakin wadda ta fi kowa daɗewa.

Miss Lurleen ta fara da gaskiya: ƙurar auduga a huhu, ƙarar injin da ta kurumtar da mijinta, maƙwabta 'yan gulma. Fuskar Carol Ann ta yi sanyi, hannunta ya nufi madannin kashe rakodar. Tsohuwar, wadda ta daɗe ba ta ga baƙo ba, ta lura da hakan.

"Amma muna da wata al'ada," in ji ta da sauri. "Ranar Asabar duk unguwa kan taru a gidan mutum ɗaya, a gyara masa rufi, a yi fenti. Wani makon a koma gidan wani. Har da mai goge yana bin masu aiki da kiɗa."

Scholastica tana kicin tana haɗa shayi, saura kaɗan kofin ya kuɓuce mata.

"Da wane suna kuke kiranta?" Carol Ann ta tambaya, idonta na ƙyalli.

Miss Lurleen ta saci kallon ƙofar kicin. "Gaya."

Carol Ann ta ce wataƙila kalmar mutanen Scotland ce, za ta bincika.

Bayan baƙuwar ta tafi, Scholastica ta dire shayin a gaban tsohuwar. "Mama, wannan ai labarina ne."

"To, kina amfani da shi ne a nan?" in ji Miss Lurleen, ta kurɓi shayinta.

Ba a rufa wata ba aka yi gayyar farko. Aka jingina tsani, aka buɗe gwangwanayen fenti, aka samo wani ɗalibi mai goge ya tsaya ƙarƙashin bishiya yana ja. Boukari, wani direban tasi mutumin Maraɗi da ke haya a ƙarshen layi, ya ji sunan da ake kira, ya matso kusa da Scholastica.

"Anti, kunnena ne, ko gayyarmu nake ji?"

"Rufa mini asiri, Malam, ka ɗauki burushinka."

Ya yi dariya har sai da ya dafa tsani.

Abin mamaki, abin ya kama. Mutanen da suka shekara suna wuce juna ba gaisuwa suka koma aron guduma da ajiye wa juna yara. 'Yan haya da sababbin masu gida suka ci abinci a tebur ɗaya. Da zagaye ya zo kan gidan Miss Lurleen, ta zauna a baranda kamar sarauniya, tana gaya wa masu fenti cewa iyayensu sun fi su iyawa, su kuwa suna jin daɗi.

Scholastica ta rasa ko haushi za ta ji ko alfahari. Ranar Lahadi bayan coci ta sayi katin waya a High Point Road ta kira yayanta Shekari, ta ba shi labari.

"Gayya?" in ji shi. "Ke kina wace duniya? Mu nan yanzu kowa 'yan ƙwadago yake ɗauka. In kin kira gayya, a wurin cin abinci kawai za ki ga mutane."

Miss Lurleen ta rasu a lokacin kaka na shekarar da ta biyo. Ranar jana'izarta coci ya cika maƙil, mutane suna kuka da gaske. Carol Ann ta tashi ta ce marigayiyar ce zuciyar unguwar, mace mai son jama'a. Scholastica, wadda ta san adadin maƙwabtan da tsohuwar ta tsine wa, ta sunkuyar da kai, ta tarar ita ma hawaye take yi.

A bakin cocin Carol Ann ta riƙo hannunta. "Kada ki daina zuwa don aikinki ya ƙare. Na san baƙon abu ne a wurinki, amma za ki saba. Asabar gidan Boukari za mu yi."

"A garinmu ma ana yi," in ji Scholastica a hankali.

"Da gaske? Ashe har Afirka ta kai!"

Scholastica ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Can ta ce, "Sai dai akwai gyara. Ba a cewa kowa ya zo da kwanon abincinsa kamar yadda ake yi yanzu. Mai gida ne ke ciyar da masu aiki."

"Miss Lurleen ce ta gaya miki?"

"Ita ce."

Carol Ann ta ce lalle kwamiti zai gyara wannan tun daga Asabar mai zuwa. Scholastica ta hango Boukari yana buɗe tasinsa, ta ɗaga masa hannu ya jira ta. Gara ya ji daga bakinta cewa dambun mutum arba'in ya hau kansa.