Bangon Gabas

Gidan katakon da ke bakin tafki ya yi wa zuri'ar Veikko kaɗan. Mutum goma sha huɗu ke haɗuwa a cikinsa duk bazara, jikoki har ƙarƙashin tebur suke kwana. Shi ya sa Tapani, babban ɗansa, ya ɗauko Reijo kafinta daga tsallaken ruwa, a fasa ƙofa a bangon gabas a ƙara ɗaki biyu.

Kowane yaro a gidan ya haddace labarin: marigayi Veikko ne ya sare itatuwan nan da gatarinsa, ya sassaƙe su, ya ɗora gungume kan gungume shi kaɗai. Tapani ma ya sha ba jikokinsa, yana ƙara masa gishiri.

Ranar Talata Reijo ya koma gida ɗauko babban zarto. Da zai shiga kwalekwale ya ce, "Ka ɓamɓare falankan cikin kafin in dawo, malamin ofis. Ka dai bar mini bangon a tsaye."

Falanki na uku ne ya tona. A jikin kowane gungume an sara lamba, ɗaya, biyu, uku, irin wadda ake yi idan za a kwance gida a kai shi wani wuri. Wanda ya sare sabon itace ba ya bukatar lamba. Kusa da kowace lamba kuma akwai wata alama kamar sawun tsuntsu. Tapani ya san ta. Ita ce alamar gidansu Reijo, tana jikin filafilin da mutumin ya tuƙa ya tafi da shi yanzun nan.

Ya zauna a ƙasa, ƙusa a hannu. Duk yankin an san cewa mahaifin Reijo ya taɓa kwance gidan iyayensa, ya jibge gumagumansa a bakin tafkin lokacin da sanyi ya daskarar da shi ya zama ƙanƙara, zai ƙetare da su ta kai, suka ɓace. Aka ce ƙanƙarar ce ta fashe ta tafi da su. Shekara uku iyalin suka yi cunkushe a ɗakin wankan tururi, su shida, har yayar Reijo, Aune, ta kamu da tarin da bai sake ta ba har yau.

Ya sami mahaifiyarsa Sirkka a baranda tana fere dankali. Shekarunta tamanin da takwas. Yana ta neman yadda zai faɗa mata ba tare da ya kayar da ita ba, sai ta ga ƙurar falanki a rigarsa, ta ajiye wuƙar.

"Ka mayar da su yadda ka same su," ta ce. "A fasa ƙofar a bangon arewa."

"Mama, kin sani?"

"Ni na riƙe wa babanka dokin da ya jawo su."

Ta ɗauki wuƙar, ta ci gaba da fere dankalin. Ta ce a lokacin tana ɗauke da cikinsa, ba su da rufi, kuma kwana biyu bayan nan ƙanƙarar ta narke ta shafe sawu. Ita ce ta matsa a rufe bangon da falanki. Tapani ya tsaya yana kallon hannuwan da suka yi wa Aune burodi duk lokacin da tarin ya kwantar da ita, ya rasa a wane gefe zai ajiye wannan alherin.

Falanki uku ne kawai, ƙusa goma sha biyu. Ya koma ciki, ya ɗora na farko a mazauninsa, ya ɗaga guduma. Ta taga ya hango kwalekwalen ya kusa gaci. Ya daɗe a haka, sannan ya sauke falankin ya jingine shi.

Reijo ya shigo yana tsokanarsa cewa rabin yini falanki uku, ko jikarsa ta fi shi. Yana ganin bangon, maganar ta tsaya masa. Ya ajiye zarton, ya bi alamar da babban yatsa, ya sauka har lamba ta bakwai.

"Wannan saran kakana ne," ya ce. "Bahago ne."

Tapani ya buɗe baki. Reijo ya ɗaga masa hannu, ya fita, ya bar zarton a ƙasa.

Ba a yi awa ba kwalekwalen ya dawo da mutum biyu. Tun daga gaci ake jin tarin. Reijo ya riƙo Aune har gaban bangon, ta dafa shi da tafin hannu, ta ce a nan gadonta yake, ƙarƙashin taga.

Sirkka ta shigo da butar gahawa, ta jera kofuna huɗu. Ta zuba, ta tura wa Aune nata kamar yadda ta saba shekara da shekaru. Aune ta dubi kofin, ta dubi tsohuwar, ta bar shi yana hucewa.