Fitila ta Bakwai

Ƙarshen wasan bai wuce daƙiƙa goma sha ɗaya ba. Matsafin ya faɗi, allon talabijin ya yi baƙi, layi biyu na rubutu suka fito, sannan wasan ya koma farko kamar ba a taɓa yin komai ba. Babu kogi, babu kwalekwale, babu kare.

Auta ce ta kai shi ƙarshe, ranar Asabar da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, a falon mahaifiyarta da ke hawa na uku, tana zaune a ƙasa tsakanin kwalayen da aka ɗaure da igiya. Shekarunta talatin da biyar, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Mijinta malamin lissafi ne, kowa Malam yake ce masa. Shi ya auna daƙiƙoƙin da agogon hannunsa, shi ya kuma karanta rubutun da ƙarfi: an ci nasara, an gode wa mai wasa.

"Shi ke nan?" in ji Malam.

Auta ta ajiye abin dannawar a kan cinyarta, ta ci gaba da kallon allon.

Abin da ya sa daƙiƙa goma sha ɗaya suka zama magana shi ne, shekara ashirin da shida ke nan Auta tana ba da labarin wani ƙarshe daban, kuma daga bakin yayanta ta ji shi.

Tana da shekara tara ta faɗo daga matakala, ƙashin cinyarta ya karye, ta yi mako shida a asibiti. A lokacin ita da Yaya sun kai rabin wasan. Takardar jikin kaset ɗin ta yage tun kafin ya shigo gidan, don haka su Wasan Kogi suke ce masa: wani matsafi ya sace kogin wani gari ya kulle a hasumiya, jarumi ya fita da takobi da karensa yana tara fitilu don ya ga hanya. Kullum bayan makaranta Yaya, mai shekara goma sha biyar, sai ya buga, ya zo asibiti ya ba ta rahoto. Ana gobe za a shiga da ita ɗakin tiyata ya zo ya ce ya gama.

Ga yadda ya faɗa. Jarumin ya buɗe ƙofa, kogin ya fito ya biyo shi a baya kamar akuyar gida. Ya shiga kwalekwale, suka ratsa duk ƙauyukan da ya wuce, kowane ƙauye mutane na fitowa da tuluna. Tsohuwar bakin gada, wadda ta ba shi fitilar farko, ashe uwarsa ce. Karen da ya ɓace a dajin ƙaya ya fito da gudu yana ɗingishi. Jarumin ya rataye takobinsa a ƙusa, ya wanke hannu, ya zauna cin abinci.

Kafin a sallamo Auta, wutar lantarki ta zo da ƙarfi wata rana ta ƙona na'urar wasan. Aka sa ta a kwali, aka ɗora a saman kabad. Auta ba ta taɓa ganin ƙarshen da idonta ba.

Yaya yanzu yana da shekara arba'in da ɗaya, yana koyar da tuƙin mota. A dangi Gidan Rediyo ake ce masa. Akwai wata tsohuwa da ya koya wa tuƙi cikin kwana biyu. Shekarunta saba'in ne a karon farko da ya ba da labarin, bara sun kai casa'in. In ya fara magana mutane kan kalli juna. Auta kaɗai ba ta kallon kowa. Maganarta ɗaya ce a ko'ina, har a gaban Malam tun suna sabon aure: Yaya yana ƙara gishiri, amma ita bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Watan jiya likita ya hana Umma hawa matakala saboda gwiwa, aka samar mata gida a hawan ƙasa, aka fara haɗa kaya. Kwalin ya sauko daga saman kabad. A ciki akwai na'urar, da kaset ɗin, da wani littafin makaranta mai shuɗin bango. Wasan ba ya riƙe inda aka tsaya. Duk matakin da aka ci sai ya ba da lambar sirri mai haruffa goma sha shida, mutum ya rubuta, in ya dawo ya shigar. Lambobi talatin da ɗaya ne a littafin, da rubutun Yaya, kowace da kwanan wata.

Mai gyaran da ke kusa da tashar bas ya canza wani ƙarfe da bai kai ƙwayar wake ba, ya haɗa wayar da za ta shiga talabijin na zamani.

"Wannan ta girmi shagona," ya ce. "In ta ƙi tashi, ki hura kaset ɗin. Ba ya maganin komai, amma kowa yana yi."

Asabar uku Auta ta yi tana bugawa bayan an gama ɗaure kwalayen ranar. Inda ta maƙale sai ta tsallake da lambar Yaya. Lamba ta talatin da ɗaya ta ajiye ta a ƙofar hasumiya. Sau goma sha huɗu matsafin ya kashe ta. A na sha biyar ta kashe shi.

"To, ina akuyar?" in ji Malam. "Ko ita ma wuta ce ta ƙona ta?"

"Malam, don Allah."

"Tambaya na yi. An ce min akwai cin abinci, har na wanke hannu."

Umma tana kan kujera ɗaya da ba a lulluɓe ba, ƙafarta a kan matashi. "Ka bar min yarinya," ta ce. "Kai ka taɓa kashe ko sauro da wannan abin?"

Auta ta kashe talabijin. Tana mayar da littafin cikin kwali sai ya buɗe ta baya. Shafuka uku na ƙarshe cike suke da rubutu, ba lambobi ba. Labarin ƙarshen wasan ne, an rubuta shi sau uku. A na farko karen ya mutu a dajin ƙaya, kuma tsohuwar bakin gada tsohuwa ce kawai. An ja layi an soke shi. A na biyu karen ya dawo, amma babu kwalekwale. Na uku shi ne wanda ta sani, kalma bayan kalma. Kwanan watan da ke samansa shi ne na ranar da ta ji shi.

Ba ta nuna wa Malam ba. Ta sa littafin a jakarta.

Yaya ya zo ranar Lahadi da hantsi don a sauke firij. Tun daga hawa na biyu ake jin muryarsa yana faɗa wa maƙwabciya yadda ya taɓa sauke firij biyu shi kaɗai. Da ya shigo ya ga na'urar a gaban talabijin sai ya tsaya, makullin mota a hannunsa.

"Kai! Tana aiki?"

"Tana aiki, Yaya. Na gama shi jiya."

"Ke Auta? Ke da ko gadar farko sai na riƙe miki hannu?"

"Zauna ka gani."

Ta shigar da lambar, ta hau hasumiyar. Wannan karon sau biyu kawai aka kashe ta. Matsafin ya faɗi. Allon ya yi baƙi. Malam ya ɗaga agogonsa ya nuna wa ɗakin.

"Goma sha ɗaya, Yaya. Na sake aunawa, ko jiya na yi kuskure."

Yaya ya sosa gemu. Bai kalli Auta ba, kusurwar allon ya kalla.

"Fitila nawa kika tara?"

"Shida."

"To ai shi ya sa. Bakwai ne. Ki duba can sama."

Suka duba. A kusurwar dama akwai ƙananan gurabe a jere. Shida suna haske. Na bakwai duhu ne, da ƙyar ake ganin zanensa. Auta ta yi Asabar uku tana kallon allon ba ta ƙirga su ba.

Malam ya tuntsire da dariya. "Gidan Rediyo ya canza tasha."

"Malam, lissafi ne fa aikinka. Ƙirga da kanka."

"Na ƙirga. Rami bakwai ne. Ramin ba fitila ba ne."

"Yaya," in ji Auta. "Da lambarka na shiga. Ta ƙarshe. Kai ma shida gare ka."

"A ƙofa shida ne. Ta bakwai daga baya ake samu."

"A ina?"

"Shekara ashirin da shida fa, Auta. Ni da ko lambar motata sai na leƙa."

Ta ciro littafin, ta buɗe ta baya, ta miƙa masa. Ya karɓa. Ya nisantar da shi daga fuskarsa, don ya bar tabarau a mota. Ya daɗe a shafin farko. Malam ya miƙa wuya zai leƙa, Umma ta taɓa shi da sandarta, ya koma.

"Don kar in manta na rubuta," in ji Yaya.

"Sau uku?"

"Rubutuna ba kyau."

"A na farko karen ya mutu."

Yaya ya rufe littafin. Ƙasa, a titi, wani yana ta danna hon.

"Likita ya ce kar a tayar miki da hankali," ya ce. "Kullum in na zo, kafin ki gaishe ni sai kin tambayi karen nan. Me kike so in ce miki, ana gobe za a yanka ki?"

"Ke nan ka ƙirƙira."

"Na gyara. Ban ce na ƙirƙira ba."

"Ka gama wasan ko ba ka gama ba?"

"Babba, ka faɗa mata," in ji Umma tana kallon Yaya. "Ni dai abin da na sani, ranar nan ba ka je makaranta ba. Na dawo ɗaukar zanin gado na tarar da kai a gaban talabijin kana kuka, na ce wa ya mutu, ka ce ba kowa. Da rana kuma na gan ka a barandar asibiti kana rubutu kana sokewa. Ban tambaye ka ba, ina da abin da ya fi wannan damuna."

"Umma, ba kuka ba ne. Hasken allo ne."

"To. Hasken allo har da majina."

Malam bai yi dariya ba wannan karon. Ya ciro wayarsa, ya ɗauki hoton allon farko na wasan, ya yi bincike. Ya ɗauki minti goma. Mutum uku kaɗai ya samu da suka taɓa yin rubutu a kan wasan. Biyu sun ce fitila shida ce, ramin na bakwai aiki ne da masu wasan suka fara ba su ƙarasa ba. Ɗaya ya ce ya samu ta bakwai, ya ga wani ƙarshe mai tsawo. Bai faɗi inda take ba, bai faɗi abin da ya gani ba, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan bai sake rubuta komai ba.

"Biyu da ɗaya," in ji Malam.

"Biyu da biyu," in ji Yaya. "Ka manta da ni."

Ya zauna a ƙasa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya karɓi abin dannawar daga hannun Auta, ya juya shi, ya goge da gefen rigarsa. Ya ce ta karanto masa lamba ta huɗu, wadda ke kai mutum bakin gada. Ta karanto, harafi bayan harafi, yana shigarwa da babban yatsa. Tsohuwar tana nan a tsaye inda take, ɗigo-ɗigon launi ne da ba su fi ashirin ba. Yaya ya sa jarumin ya yi mata magana. Ta faɗi abin da take faɗa kullum. Ya sake. Ta sake. Ya zagaya bayanta, ya sari bangon gadar, ya sari ciyawa, ya faɗa ramin kogin da ya bushe, ya mutu.

"Hannuna ya yi nauyi," ya ce. "Sitiyari ya ɓata ni."

"Dama," in ji Auta. "Ka bi ta dama, akwai tsani."

Malam ya sunkuyo kusa da kunnenta. "To yanzu me za ki ce? Ya yi miki ƙarya ko bai yi miki ba?"

"Ban gama wasan ba," ta ce. "Ka je ka cire wa firij ɗin waya."

Motar kaya ta iso da ƙarfe ɗaya saura kwata. Mutum huɗu ne suka sauke firij ɗin, Yaya yana gaba yana ba da umarni. Talabijin ne ya fita a ƙarshe. Auta ta ɗauki na'urar da kanta, ba ta bari an sa ta a bayan mota ba, littafin kuma ya koma jakarta.

A sabon gidan an ajiye na'urar a ƙarƙashin talabijin, kusa da kwalbar maganin gwiwar Umma. Yaya ya ce zai zo Asabar da tabarau, su fara daga dajin ƙaya. Akwai lambobi ashirin da shida tsakanin gada da hasumiya da ba a sake dubawa ba. Zuwa yammacin Lahadi, fitilu shida ne ke haske.