Ƙaramin Yatsa

Shekara talatin da takwas Mai Walda ya yi da matarsa, bai taɓa yin addu'ar da ta wuce "Amin" ba. Ita ce mai yi. Ƙarfe biyar na asuba za ta durƙusa a bakin gado, ta buɗe hannun dama, ta bi 'ya'yansu biyar da yatsu. Babban yatsa na Babba ne, mai bi masa na 'yarsu Nas, biyu na gaba na 'yan biyu, ƙaramin kuwa na Auta. Duk wanda ta gama roƙa wa sai ta lanƙwashe yatsansa. Gogan naka yana cikin bargo, sai ta zungure shi ya ce Amin ya juya.

Wata safiya ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo. Ɓarin hagu ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Ranar da aka dawo da ita daga asibiti ta miƙa masa hannun daman a buɗe, ta zuba masa ido.

"Na ɗauka, uwar yara," ya ce. "Kullum ƙarfe biyar."

Alkawari kaya ne. Mako guda ya yi yana cikawa. To amma walda ba ta san agogo ba, wutar lantarki ta sani. In an kawo wuta ƙarfe huɗu, dole ya ruga shago ya haɗa ƙofofin mutane kafin a ɗauke. In kuwa biyar ta wuce shi, a ganinsa ranar ta lalace ke nan, kamar ƙarfen da ya huce kafin a buga, sai ya bari sai gobe. A irin waɗannan ranaku matar ba ta buɗe wa cokali baki.

Nas ce ta gaji ta tare shi a tsakar gida.

"Haba Baba! Allah ofis gare shi da zai rufe biyar da minti ɗaya? Mama fa tana wanke-wanke tana yi, tana shanya tana yi. Ta asuba kaɗai kake ji, ita ma rabi."

Ya ji kunya ƙwarai. Daga ranar ya daina bin agogo. In ya samu asuba ya yi, in bai samu ba ya yi da rana yana juya ta a katifa, ko da yamma yana shafa mata mai a baya. Harshensa ya saba. Yana roƙo, ita tana lanƙwashe yatsu, ta kuma koma cin abinci.

Sai dai huɗu yake yi. Shekara shida da suka wuce Auta ya ɗaga masa hannu a ƙofar shago, a gaban jama'a. Ranar ya kore shi, ya ce bakinsa ba zai ƙara ambatarsa ba har ya mutu. Mutum ne mai taurin kai na bugawa a jarida, Fasto ma ya yi ya yi ya haƙura. Saboda haka kullum in ya gama da 'yan biyu sai ya yi wuf ya ce, "Cikin sunan Yesu, Amin." Ƙaramin yatsan ya tsaya cak shi kaɗai. Sai ya sa hannu ya lanƙwashe mata.

"Ciwon ne ke sandarar da shi," ya ce wata rana.

"Baba, wannan hannun mai lafiya ne," in ji Nas.

Ya fi ta sanin haka. Abin yana cinsa. Sau da yawa yana zaune a shago yana jiran wuta, maganar ta taho har maƙogwaro, ya haɗiye. Gobe, yake ce wa kansa. Ai yanzu ya koyi cewa babu lokacin da ya wuce.

Ranar Laraba aka kawo wuta da asuba, bayan kwana uku babu. Ya leƙa, matar idonta biyu, hannun a buɗe bisa zane.

"Da rana, uwar yara. Ina dawowa."

Da azahar ta yi ya shawo kwanar layinsu, ya hango takalma jibge a ƙofar ɗakinsa. Matan maƙwabta suka ba shi hanya, ba wadda ta iya kallonsa. Nas tana zaune a ƙasa, idanu sun kumbura.

"Tun ƙarfe bakwai ta cika, Baba. Na aika shago, ƙarar inji ta hana ka jin bugun ƙofa."

Ya ɗaga zanen. Yatsu huɗu a lanƙwashe, ƙaramin a miƙe.

"Da kanta ta yi huɗun, ina kallo," Nas ta ce. "Wannan ta bar maka."

Ya zube a bakin gadon, daidai inda ta saba durƙusawa.

"Ya Ubangiji, ga Auta. Ɗana ne. Duk inda yake, ka tsare shi, ka dawo mini da shi."

Ya jira kamar za a zungure shi. Nas ce ta ce Amin. Sannan ya kama ƙaramin yatsan a hankali zai lanƙwashe, ya tarar ya riga ya sandare.