Rijiyar Gidan 'Yarsa

Ƙafarsa na taɓa ruwa warin ya buge shi. Baban Rijiya, kamar yadda unguwa ke kiransa, ya tsaya cak a ƙasan rijiyar gidan 'yarsa, igiya ɗaure a ƙugu. Shekara talatin yana haƙa yana yasa, kuma ƙa'idarsa guda ce: ba ya fitowa sai ya ɗanɗana ruwan. Ya kamfata da tafin hannu, ya kai baki, ya tofar. Kamar ya lashi ƙarfe. Wani maiƙo shuɗi-shuɗi na yawo a saman ruwan.

Wannan ba warin mushe ba ne. Amma ya san shi.

Shekara goma sha biyu ke nan, shi ya haƙa wa wani kamfanin fenti rami a bayan katangarsu, dab da kogi. Ganguna arba'in na dattin fenti aka jera a ciki, wasu tun a lokacin suna yoyo. Manaja ya ce ƙasa ba ta da baki. Shi Baban Rijiya da hannunsa ya mayar da ƙasar. Bana kuwa kogi ya cika, ya kwana uku a kan wurin.

"Baba, ka samu mataccen ɓera a ciki?" 'yarsa ta leƙo daga sama.

Ya kama igiya ya hauro. Tana tsaye riƙe da ƙugu, cikinta wata takwas.

"Tun yaushe yake wari?"

"Sati uku. Ai tafasawa nake yi."

"Tafasawa!"

"Har da tacewa. Baba, lafiya? Kamar ka yi gamo a ciki."

Ya dubi kofin da ke kan randa, a jiƙe. Ya shiga lissafin rijiyoyin da ya haƙa tsakanin nan da kogi. Goma sha tara.

Maƙwabciya ta yi sallama da bokiti biyu. "Baban Rijiya, matsa mana. Kai ka haƙa, amma ba kai ka zuba ruwan ba."

Ya zura guga, ya cika wata tsohuwar kwalba. Sannan ya zaro wuƙa ya datse igiyar gugan, ya ja murfi ya rufe, ya mirgino turmi ya ɗora.

"Ikon Allah! Rowar ruwa da tsufanka?"

"Wanda kika ɗiba jiya, zubar. Kada ko kaza ta sha." Ya juya ga 'yarsa. "Ɗauko mayafi da katin awo. In ajiye ki asibiti, ni in wuce hukumar ruwa."

"Su da ba sa sauraron masu takalmi, kai za su saurara? In suka ce wa ya gaya maka fa?"

Ya tura kwalbar a aljihu. Ya je bakin ƙofa ya ɗauki sheburinsa.

"Shebur kuma na mene ne, Baba?"

"Za su ce in nuna musu wurin."