Kalmar da Malam Ya Bari

"'Yar nan, zo ki ji min abin da yake cewa!" Inna, matar maƙwabcinmu, ce ta leƙo ta saman katanga. Na bar keken ɗinki na zagaya da gudu.

Malam, mijinta, tsohon malamin Turanci ne, ni ma ya koyar da ni. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, Hausa ta ɓace masa ƙaf. In ya buɗe baki sai Turanci, shi ma guntu-guntu. Inna kuwa ko "zo in kashe ki" ba ta ji. 'Ya'yansu suna nesa, sai na zama tafinta.

Na tarar an jingina shi da filo, tana goge masa goshi da jiƙaƙƙen tsumma. Idonsa na kanta.

"Still," ya ce. Ya ja numfashi. "Still."

"Me ya ce? Ruwa yake so?"

"A'a, Inna. Kalmar tana da fuska biyu. Ko dai 'har yanzu', ko kuma 'tsaya, kar ki motsa'."

"To wanne yake nufi?"

Na durƙusa na tambaye shi da Turanci. Ya yi min irin kallon da yake mana in mun kasa amsa a aji, ya mayar da ido kanta.

"Har yanzu me?" in ji Inna. "Har yanzu yana jin ciwo? Ko hannuna ne ya dame shi?" Ta janye tsumman, ta mayar, ta sake janyewa. "Sau nawa mutumin nan ya ce in zauna ya koya min, ina ce masa wanke-wanke na jirana!"

Bai ƙara cewa komai ba. Kafin inuwa ta kai bakin ƙofa, rai ya yi halinsa.

Bayan mutane sun watse na shiga na same ta a ɗakin, an naɗe katifar.

"'Yar nan, ki zaɓa min ɗaya."

Da ƙyar na ce, "Ina jin 'har yanzu' ne, Inna."

"Kina ji, ko kin sani?"

Na sunkuyar da kai.

Ta zauna a bakin gadon, hannuwanta a kan cinya. Laɓɓanta na motsi a hankali, tana gwada kalmar.