Wanda Ya Ɗauki Akwatin Baba Dattijo

"Baba, ba dogon jawabi ba ne. Ka dubi wayar nan kawai ka ce kana bayana."

Abin da na tarar ke nan da na ɗaga labulen ɗakin Baba Dattijo, da kofin shayi a hannuna. Shugaban majalisar cocinmu na tsaye a bakin gado cikin farin yadi mai sheƙi, Sakatare kuma ya saita waya a fuskar tsohon. Zaɓen majalisa ya matso, Shugaba yana neman zarcewa.

Katanga ce ta raba gidana da na Baba. Shi ya riƙe majalisar nan shekaru da dama, sannan wata Lahadi ya miƙe ya ce ya isa haka, a ba masu jini a jika. Ba wanda ya ture shi. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ban ga ƙafar waɗannan biyun a gidan ba sai ranar. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tilo tana aiki a nesa. Mai juya shi, mai yi masa wanka da aski, wani ɗan cocinmu ne da muke kira Direba, wanda majalisa ta sa a ƙarƙashin horo saboda giya, aka mai da shi bencin baya, aka hana shi cin jibin Ubangiji. Ya daɗe da barin sha, amma ba wanda ya tuna ya ɗage horon.

Baba ya juyo da ido da ƙyar. Bakinsa ya karkace, sai an kasa kunne ake fahimtarsa.

"Na ɓata wurin," ya ce. "Kama mini kafaɗa, ɗana, Direba ya zare zanin."

Shugaba ya dubi hannun rigarsa, ya dubi gadon, ya ja baya.

"Ai Maman 'Yan Biyu tana nan," ya ce, yana nuna ni da haɓa. "Su suka saba."

Na dire kofin har shayin ya fantsama a kan tebur.

"Ranka ya daɗe, bakinsa kuka zo ara, jikinsa kuma yana muku ƙyama? Mutumin nan shi ya riƙe ka ranar baftismarka. Sakatare, sauke wayar nan kafin in sauke maka ita."

"A'a, 'yata," Baba ya ce. "Ba a faɗa a ɗakina." Ya huta, ya sake duban Shugaba. "Ubangiji da zai tafi, ruwa ya zuba a daro ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa. Ban ji ya tambayi wa ke bayansa ba."

Direba ya matso. Ya sa hannu ƙarƙashin tsohon, ni na kama kafaɗar, muka juya shi. Kafin mu gama shimfiɗa sabon zani, mun ji tashin motarsu a waje.

Baba bai ƙara mako ba. Wata safiya ina kan keken ɗinki, Direba ya leƙo ta ƙofa, da kumfar sabulu a hannunsa.

"Yaya, zo. Ina cikin yi masa aski ya tafi."

Na same shi kwance, kunci ɗaya fes, ɗayan da kumfa. Direba ya tambaye ni ko laifi ne ya ƙarasa. Na ce ƙarasa, ƙanena.

Ranar jana'iza coci ya cika har waje. Shugaba ya hau bagadi ya yi ta zuba a kan shugabanci na bauta da rayuwa mai manufa. Ya ce Baba ubansa ne, ya ce har kwanakinsa na ƙarshe suna tare a bakin gado. Ya ciro hankici ya share ido. Ina zaune cikin 'yan zumuntar mata, na rasa inda zan sa hannuwana.

Da aka zo fita da gawa, Sakatare ya ce dattawan majalisa su matso. Direba ya taso daga bencin baya a hankali, cikin rigarsa ɗaya mai kyau, wadda ni na ɗinka. Sakatare ya tare shi da tafin hannu a ƙirji.

"Kai kana ƙarƙashin horo. Koma ka zauna."

Direba ya juya zai koma, kansa a ƙasa. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Da yana kwashe kashin Baba da fitsarinsa, horon yana ina?"

Wata tsohuwa ta ja mini zani, na fizge. Sai 'yar Baba, wadda ta iso da daddare ana gobe jana'iza, idanunta a kumbure, ta tako har gaban akwatin ta dafa shi.

"Babana ya gaya mini a waya wanda ke ɗaga shi kullum," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "In wannan bawan Allah bai kama ba, akwatin nan ba ya fita."

Aka tsaya ana kallon-kallo. Daga ƙarshe wani dattijo mai furfura ya saki hannun akwatin na gaba, ya matsa gefe. Direba ya shiga wurin. Shugaba yana ɗaya ɓarin, dole suka jera kafaɗa har bakin kabari, kuma ko sau ɗaya bai waiwayo ya dube shi ba.

Shugaba ya ci zaɓensa bayan haka, ni kuma aka kira ni gaban majalisa a kan rashin ladabi a ɗakin sujada. Na je, na maimaita musu abin da na faɗa. Har yau Direba yana bencin baya, can nake zama ni ma yanzu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yammacin ranar jana'izar. Masu gaisuwa sun watse, an tattara kujerun haya. Na fito kwashe shanya, na hango Direba zaune a dokin ƙofar Baba, takalmansa a gefe cike da jar ƙasa. Fentin akwatin bai gama bushewa ba ashe, ya bar masa dogon tabo a kafaɗar riga. Na ce ya kawo in wanke tun bai kama ba.

"Bar shi, Yaya," ya ce.

Ya ci gaba da zama, yana kallon kajin Baba suna shiga akurki ɗaya bayan ɗaya.