Harshen da Ke Ɗanɗana Ƙasa

Munkaila ya durƙusa a bakin kwamin albasa, ya tono ƙarfen da hannunsa, ya kakkaɓe laka daga jikinsa. Ɗan siririn abu ne mai tsawon taƙi, da waya a gindinsa. Mutanen garkunan Badaguishiri suna kiransa harshe, domin aikinsa ɗanɗana ƙasa: in ta bushe ya gaya wa famfo ya tashi, in ta ƙoshi ya ce ya tsaya. Dattijon ya waiga hagu da dama, bai ga kowa ba, sai ya ɗora shi a kan wani dutse da rana ta gasa.

Ba a jima ba akwatin da ke rataye a ƙarƙashin allon hasken rana ya yi magana da muryar mace, cikin Hausar da ba ta kowane gari ba. "Ƙasa ta bushe. An kunna ruwa."

Famfo ya ɗauka. Munkaila ya ja bakin tiyo daga kan albasar, wadda ta kusa cira kuma ba ta son ruwa da yawa, ya kai shi gindin wani tsohon mangwaro a gefen shinge. Sannan ya zauna a inuwa, ya fito da wayarsa daga aljihu, ya ajiye ta a kan gwiwa.

Ɗansa na fari, Mahfuz, shi ya kafa duk waɗannan abubuwa zuwansa na ƙarshe, kafin ya koma Dakar inda yake aikin haɗa wutar rana. Ya sa harshe a garka, ya sa fitilu a gida masu kunna kansu in mutum ya motsa, ya sa wani ƙaramin akwati a zaure mai tuna wa uban maganin hawan jini. Duk abin da suka gani ko suka ji yana zuwa wayar yaron a can bakin teku. "Ka huta, Baba," in ji shi a ranar. "Komi ina gani daga can."

Munkaila ya huta ɗin. Ciwon bayan da jan guga ya bar masa ya ragu, albasa ta yi kyau har maƙwabta suna leƙowa ta kan shinge. Abin da bai lissafa ba shi ne kiran safiya. Da, kafin yaron ya fita aiki sai ya bugo ya tambaya ko an ba da ruwa, ko rijiya ta ja baya, ko an sha magani. Daga nan hira takan zarce zuwa wanda ya rasu da wanda aka yi wa haihuwa. Yanzu ba abin tambaya. Kira ya koma na Juma'a, daga baya ya koma na Salla zuwa Salla, sai saƙon gaisuwa ta bakin ƙannensa. Shi kuwa Munkaila ko sunan ɗan fari ba ya faɗa, balle ya ɗauki waya ya kira shi ba tare da wani dalili ba.

Shi ya sa yau ya ƙirƙiro dalilin. Famfon da ya ƙi tsayawa dole ya yi ƙara a wayar Dakar.

Rana ta ɗaga. Ruwa ya cika gindin mangwaro, ya tsallake, ya bi ta ƙarƙashin shinge yana ɓata a cikin rairayi. Ruwan bazara ne, wanda kowa a kwarin yake tattali kamar mai. Munkaila ya kalle shi yana tafiya, ya kau da kai. Sau da yawa ya danna wayar don ya tabbata tana da rai da rezo, wato sabis. Tana da su duka biyu.

Matarsa Saratu ta shigo da ƙwaryar fura a ka. Ta dubi ruwan da ke malala, ta dubi ƙarfen a kan dutse, ta dubi wayar a gwiwar mijinta. Ta sauke ƙwaryar a hankali.

"Malam, ƙarfen nan ƙafa ya yi ya hau dutse?"

"Ina gwada shi ne."

"To." Ta zauna a gefen tabarma ta gyara mayafinta. "Ya kira?"

 Munkaila ya ɗauki ludayi ya juya furar, ya ajiye bai sha ba.

"Ni ma na taɓa ƙin shiga ɗakin girki yini guda, ko fitilar za ta kai ƙarata," in ji ta, tana kallon albasa. "Ashe da rana ba ta lura."

Ya dube ta, ita kuwa ba ta dube shi ba.

Can sai famfon ya canza murya. Ya fara tari, tiyo yana tofar da ruwa ja mai laka. Kafin Munkaila ya miƙe, ƙarar babur ta tsaya a ƙofar garka. Jibo ne, abokin Mahfuz tun suna lakwal, makarantar boko, wanda yake da rumfar gyaran kayan wutar rana a kasuwa. Bai tsaya gaisuwa ba, ya ruga ya kashe famfon daga akwatin, sannan ya leƙa rijiya.

"Baba, ta kai ƙasa. Da na ƙara jinkiri da injin ya ƙone." Ya share gumi, ya rusuna. "Ina wuni, Baba. Ina wuni, Inna."

Jibo ya bi wayar harshen da ido har kan dutsen. Ya ɗauki harshen, ya juya shi. Ya mayar da shi cikin kwami ya danne ƙasa da tafin hannu.

"Wa ya aiko ka?" Munkaila ya tambaya.

"Wucewa nake yi, sai na ji ƙarar..."

"Daga kasuwa ka ji ƙarar famfona? Jibo, ni na yanka ragon sunanka tare da ubanka."

Jibo ya sosa ƙeya. "Shi ne, Baba. Saƙon murya ya turo mini."

 Ashe yaron ya gani. Ya gani, ya ɗauki waya, ya nemi wani. Munkaila ya mayar da tasa wayar aljihu.

"Kunna mini in ji."

"Baba, ya ce kada..."

"Kunna."

Jibo ya danna. Da farko hayaniyar motoci ce da kiran 'yan kamasho cikin wani yare, sannan muryar ta fito, ta ɗan yi kauri fiye da yadda uban ya san ta.

"Jibo, don Allah bar abin da kake yi ka leƙa mini garkar tsoho. Famfo yana ta aiki tun hantsi, ina jin harshen ne ya fita. Ka duba shi shi ma, ka ga ko lafiyarsa lau, amma kada ka ce ni na turo ka." Wata mota ta yi oda. "Na ɗauki waya zan kira shi na fasa. Ka san shi, ba zai tambaye ni yaushe zan zo ba, sai dai ya yi shirun nan nasa, ni kuwa bana ma ba su ba ni hutu ba. Ban san abin da zan ce masa ba. Kullum da asuba ina ganin fitilar ɗakinsa ta kama, sai in ce ina kwana Baba, ni kaɗai a ɗaki kamar mahaukaci. Kai dai je ka duba mini."

Saƙon ya ƙare. Saratu ta ja bakin mayafi ta rufe fuskarta, ta tashi ta nufi wajen tumatir kamar akwai abin da ta manta a can.

"Sake kunnawa," in ji Munkaila.

Jibo ya sake. A wannan karon dattijon ya karɓi wayar da hannu biyu ya kara a kunne, ya sunkuyar da kai. Da saƙon ya ƙare ya miƙa masa, ya daɗe yana kallon lakar da ta taru a gindin mangwaro.

"Yaushe rijiyar za ta dawo?"

"Sai gobe in Allah ya so, Baba. Yau kam ko ɗigo kada a ja. Irin da ke gefen can zai ji jiki."

Munkaila ya gyaɗa kai. Ya san irin zai ji jiki, ya kuma san wanda ya jawo. Ya sake fito da wayarsa, ya riƙe ta nesa da ido yana neman lambar, yatsansa yana kuskure. Jibo ya matso zai taimaka, ya ɗaga masa hannu. Da kansa ya samo, da kansa ya danna.

Jibo ya ja babur ɗinsa zuwa wajen shinge bai tayar ba. Saratu ta tsaya cak a tsakiyar tumatir, ta ba su baya.

Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Baba? Lafiya? Wani abu ya faru?"

"Lafiya lau."

"Inna fa?"

"Tana nan. Kowa lafiya."

 Ta cikin wayar Munkaila yana jin iska da wani ƙarfe da ake bugawa a nesa, da numfashin ɗansa.

"Baba, kana ji na?"

"Ina ji. Ci gaba."

"Ai ban ce komi ba."

Dattijon ya gyara zama a kan tabarma, ya jingina da mangwaro, ya miƙe ƙafafunsa.

"To ka ce," in ji shi. "Rijiya ta ƙafe, yau ba ni da aikin yi."